Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Makon jiya na bi ta wani wuri inda a ke ginin bene mai hawa huɗu, na tarar ma'aikata sun sauko cin abinci. A bakin sito na ga ɗamarun tsaro guda uku an watsar bisa buhunan siminti, rana tana dukansu, ɗaya ma fenti ya bushe a jikinta. Na tambayi heluma yaushe rabon da a duba su. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Malam, ai sababbi ne, bara aka sayo su." Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Ga wanda bai sani ba, ɗamarar nan ita ce wadda magina, da masu fenti, da masu hawa falwaya, da masu gyaran ƙarafan sadarwa su ke ɗaurawa in za su yi aiki a sama. Tana zagaye kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. A bayanta, tsakanin kafaɗu, akwai zoben ƙarfe inda a ke maƙala igiya, ɗaya bakin igiyar kuwa a kama shi da ƙugiya a jikin wani abu mai ƙarfi. In ƙafa ta zame, igiya ta tare mutum kafin ya kai ƙasa.

To, abin da na ke so in faɗa shi ne, ɗamarar da ba a dubawa ta fi rashin ɗamara haɗari. Wanda ya hau ba kome a jikinsa ya san halin da ya ke ciki, yana takawa da tsoro. Amma wanda ya ɗaura ruɓaɓɓiya ya saki jiki, yana miƙa hannu inda da ba zai miƙa ba, domin ya amince da abin da ba shi da amana. Mai ɗebo ruwa ma ya kan bi igiyar guga da hannu kafin ya zura ta rijiya, alhali in ta tsinke guga kaɗai ya yi hasara. Ina ga igiyar da rai ya rataya a kanta?

Sai mu lura da irin nauyin da a ke ɗora wa kayan nan. Mutumin da ya faɗo, ba nauyin jikinsa kaɗai igiya ta ke ɗauka ba, har da ƙarfin fizgar faɗuwa, wanda ya ninka nauyinsa sau da yawa. Saboda haka hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, watau OSHA, ta ƙayyade cewa wurin da za a maƙala igiya ya iya ɗaukar laba 5,000, kimanin kilo 2,270, domin mutum guda. Kada faɗuwa ta wuce ƙafa 6 kafin igiya ta kama. Kada kuma fizgar da za ta sami jiki ta wuce laba 1,800. Tun ranar 1 ga Janairu 1998 ta hana amfani da ɗamarar ƙugu zalla wajen tare faɗuwa a wurin gini, domin tana tara fizga a ciki da gadon baya. Hukumar Ingila mai irin wannan aiki, HSE, ita kuwa ta bayyana cewa yanka mai zurfin milimita 1 kacal a gefen igiya yana iya rage ƙarfinta da kashi 5 zuwa 40 cikin ɗari, gwargwadon irin igiyar. Milimita 1 bai wuce kaurin farce ba sosai, ya kai mai karatu.

Maƙiyan kayan nan kuwa ba su da wuyar samu a ƙasarmu. Zafin rana yana cin zaren roba a hankali, har launinsa ya kwashe, ya bushe. Ƙurar hunturu da yashi suna shiga tsakanin zare su yi ta gugarsa daga ciki inda ido ba ya gani. Ruwan batir yana cin nailan, ɗanyen siminti da fenti da tartsatsin walda kowanne da irin ɓarnarsa. Laimar damina tana kawo fumfuna ga ɗamara, da tsatsa ga ƙarfe. Ɓeran sito ma ba ya tambayar ko bara aka sayo.

Dubawa ta farko wajibin ma'aikaci ce da kansa, kullum kafin ya hau. Ya bi ɗamara da hannu daga wannan baki zuwa wancan, yana lanƙwasa ta kaɗan kaɗan domin yanka ko ƙuna ko wurin da ya sandare ya bayyana. Ya duba ɗinki, ko zare ya warware. Ya duba zoben baya da ƙarafan ɗaurewa, ko sun lanƙwashe, ko sun tsage, ko tsatsa ta ci su. Ya danna bakin ƙugiya ya sake, ya ga ta rufe da kanta ta kulle. A jikin igiya akwai wani ƙunshi, watau ɗamara ce aka ninke aka ɗinke domin ta yage a hankali ta sassauta fizga. In ya ga ƙunshin ya buɗe, igiyar ta gama aikinta. Ya duba tambarin da ke nuna lamba da ranar ƙira. Wadda tambarinta ya goge ba a san asalinta ba. Duk wannan bai wuce 'yan mintoci ba.

Dubawa ta biyu wajibin mai aiki ce, watau ɗan kwangila ko kamfani. Ya sa wanda ya ƙware ya duba kowace ɗamara filla filla, ya rubuta lambarta da kwanan wata da abin da ya gani a cikin littafi. Ƙa'idar Turai ta ce kada a wuce wata 12. HSE ta ba da shawarar wata 6, in kuwa aikin mai tsanani ne, wata 3. A wurin zafi da ƙura irin namu, ni a ganina gajeren wa'adin shi ya dace da mu. Sa'an nan a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar kaifi, a shanya a inuwa nesa da wuta, a rataye a wuri busasshe.

Akwai kuma hukunci guda wanda ba ya karɓar roƙo. Ɗamara ko igiyar da ta taɓa tare faɗuwa, a janye ta daga aiki nan take, ko da ido bai ga aibi ba. Wadda aka yanke wa hukuncin yasarwa kuwa, a sa wuƙa a yayyanka ta. In aka jefar da ita lafiyayya, gobe sai a gan ta a gwanjo, wani talaka ya saya da murna ya hau da ita. Ina kira ga 'yan'uwa ma'aikata, kada ku sayi ɗamarar da ba ku san tarihinta ba, kome arahar ta.

Na san masu kwangila za su ce kayan suna da tsada. Gaskiya ne. Amma a auna kuɗin ɗamara da kuɗin asibiti, da tsayawar aiki, da marayun da za a bari. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya a Nijeriya, sai dai diyya ba ta mayar da ƙashin baya. Wasu kuma za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To, mai faɗin haka ai ya kan yi wa jakinsa dabaibayi da dare, ya kuma kulle ƙofarsa. Sakaci daban, ƙaddara daban.

Saboda haka, ya kai heluma, ka buɗe littafi tun yau. Ya kai ma'aikaci, ka duba kafin ka hau, in ka ga aibi ka faɗa, kada kunya ta rufe maka baki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.