Taminal ɗinka ne ya kasa, kar ka cire wa ƙ ƙugiya

1/ Akwai wata shawara da ke yawo tsakanin masu koyon kwamfuta a arewa: wai idan ƙ, ɗ da ɓ suka ƙi fitowa a taminal, ka mayar da su k, d, b ka huta. Wannan shawarar banza ce, kuma ɓarnarta ta fi yadda kuke zato. Ku biyo ni.

2/ Mu fara daga gida. "Fadar Daura" wurin da Sarki yake zama ne. Sa wa d ɗin ƙugiya, ka koma maganar faɗa. Daura gari ne, ɗaura kuwa ta ɗaurin aure ce ko ta zani. Kura dabba, ƙura ta hanya. Bari daban, ɓari daban, kuma ba wanda ke son a rikita masa waɗannan biyun a takardar asibiti.

3/ Za ku ce ai mai karatu yana ganewa daga jimla. E, mutum yana ganewa. Kwamfuta fa? In ka nemi "ƙasa" a rumbun bayanan da aka cire wa ƙugiya, ba za ka samu komai ba. In ka nemi "kasa", sai ta kwaso maka ƙasar noma da wanda ya kasa jarrabawa a kwando ɗaya.

4/ Kuma harafin ba shi da laifi. Kowannensu yana da lambarsa a Unicode: ƙ U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, ƴ U+01B4. UTF-8 kuwa tun 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara shi, kafin a haifi yawancinmu. Fiye da shekara 30 ke nan, mu kuma muna nan muna share ƙugiya da hannu.

5/ Asalin matsalar: ASCII gurbi 128 kawai gare shi, an yi shi don Turanci. Da aka faɗaɗa shi don Yammacin Turai, kamar Windows-1252, sai é da ñ da ü suka samu shiga. Ƙ ba ta samu ba. Duk manhajar da ta maƙale a wancan zamanin, za ta nuna Faransanci lafiya lau, ta zo kan Hausa ta rikice.

6/ Alamun cutar uku ne, kowace da maganinta. Kar ka haɗa su. Kafin komai, duba abin da ke cikin fayil ɗin da gaske. A Linux ko Mac rubuta:
echo ƙ | xxd
In ka ga c699, harafin lafiyarsa ƙalau. Fayil ɗinka ma haka za ka tura shi wa xxd.

7/ Alama ta farko: ɗan akwati babu komai a ciki. Taminal ya fahimci harafin, amma salon rubutun da ka zaɓa ba shi da zanensa. Ba abin da ya lalace. Shiga saitin taminal ka canza zuwa DejaVu Sans Mono ko Noto Sans Mono. Minti biyu, an gama.

8/ Alama ta biyu: tarkace. Ka rubuta ƙasa, ya fito Æ™asa. Dalili: a UTF-8, ƙ bayit biyu ce, C6 da 99. Manhajar da ke karatu da Windows-1252 sai ta ɗauki C6 a matsayin Æ, 99 kuma ™. A tsohon baƙin allon Windows mai lamba 437, ╞Ö za ka gani. Bayanan suna nan daram, mai karatun ne ya sa tabarau na wani.

9/ Magani a cmd na Windows: chcp 65001. A Linux rubuta locale ka gani. In ya nuna C ko POSIX, to ga ɓarawon nan. Sa LANG=en_US.UTF-8 a .bashrc, ka rufe ka buɗe. Kai, a glibc har ha_NG akwai, Hausar Najeriya. Mu nawa muka taɓa kunna shi?

10/ In ta SSH kake shiga wata kwamfuta, duba ɓangarorin biyu, naka da na can. Masu PuTTY, akwai wurin Translation a saiti, ku tabbatar UTF-8 ne. Masu Python a Windows, ku riƙa sa encoding="utf-8" duk lokacin buɗe fayil, ko ku kunna PYTHONUTF8=1.

11/ Git ma yana da nasa halin. Ka sa wa fayil suna ƙasa.txt, git status ya nuna maka \306\231asa.txt. Kar ka firgita ka canza sunan. C6 da 99 ɗin nan ne dai, ya rubuta su da lissafin tushe 8. Magani:
git config --global core.quotepath false

12/ Alama ta uku ita ce mai haɗari: alamar tambaya, ?asa. In a allo kawai take, gyaran locale ya isa. Amma in xxd ya nuna 3f a gurbin harafin, an riga an adana ɓarnar. Ƙ ta tafi, ɗ ta tafi, duk sun zama abu ɗaya. Sai dai ka koma wa kwafin asali, in kana da shi.

13/ To masu cewa a mayar da ƙ zuwa k, wannan ɓarnar ta uku kuke yi, da gangan, da hannunku. Ta ma fi muni. Alamar tambaya aƙalla tana nuna inda aka yi asara. Ita k shiru take yi. Gobe wa zai zauna ya bi layi dubu goma yana tantance kafa da ƙafa?

14/ Sai masu q: qasa, qarfi, qauna. A hira da abokai ba ruwana, kowa da salonsa. Amma in ta shiga rumbun bayanai, kalma ɗaya ta zama huɗu: ƙasa, kasa, qasa, k'asa. Manhajar fassara da ta gyaran rubutu daga abin da muka rubuta suke koyo. Mu ba su shara, sannan mu dawo muna dariyar Hausarsu.

15/ Mu 'yan Baure abin ya fi shafar mu, don a bakin iyaka muke. Nan muna rubuta 'ya'ya, tsallake a Nijar ƴaƴa suke rubutawa. In ka gina manhajar da 'yan kasuwar ɓangarorin biyu za su yi amfani da ita, dole ta karɓi duka biyun. Wanda ya gudu daga ƙ, ya zai yi da ƴ?

16/ "Ai bugawa ke da wuya." A da, ƙila. Yanzu Gboard yana da Hausa, Windows ma yana da madannan Hausa a saitin harshe. Tun shekarun 1930 ake buga waɗannan haruffa, lokacin da sai an jera dalma ɗaya bayan ɗaya a maɗaba'a. Su ba su ce da wuya ba, sai mu masu wayar shafa?

17/ Mutanen Turkiyya ba su zubar da ş da ğ don taminal ya ji daɗi ba. Na Biyetnam da ke ɗora alama biyu a kan wasali ɗaya ma haka. Kayan aikin suka matsa wa har ya gyaru. Wallahi abin kunya ne a ce mu harshen muke yanka don ya shiga rigar da aka ɗinka wa wani.

18/ Ɗalibai masu aikin kammala karatu, ga roƙona. Cikin bayanan gwajinku ku sa Ɗanladi, Bilƙisu, Ɓatagarawa. Ku shigar, ku adana, ku nemo, ku fitar. In suka dawo da ƙugiyarsu, manhajarku ta yi. In wani babba ya ce ku cire don a wuce wurin, ku ce masa cikin ladabi: Malam, a ba ni minti biyar in gyara saitin.

19/ Wanda nasa ya ƙi gyaruwa, ya ajiye hoton allonsa a ƙasa, tare da abin da locale ko chcp ya nuna masa. Za mu duba tare. Allah ya ba mu sa'a.