Martani: Ubuntu Ba Ta Kashe Kwamfutar Kowa Ba

Marubucin da ya shawarci masu shagunan buga takardu na Gummi, Anka da Bukkuyum su koma Windows, wai Ubuntu na sa kwamfuta nauyi, ya yi tuya ya manta da albasa. Ai ita kanta Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Ubuntu 24.04 na buƙatar RAM mai gigabait 4, don haka kwamfutar gwanjo mai gigabait 2 dole ta yi nishi. Lubuntu, wani nau'in Ubuntu mara nauyi, ita ce daidai ƙarfinta.

Kuma da marubucin ya buɗe murfin kwamfutar, da ya ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, injin ya ɗau zafi ya rage gudu da kansa. A busa ƙurar, a musanya tsohon faifai da SSD, sannan a auna.