Gundumar Clare: Inda Gani Bai Kori Ji Ba

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. To, a ra'ayina wannan karin magana ba ta aiki a gundumar Clare da ke yammacin ƙasar Ailan.

Galibin baƙi gaɓar Moher suke nufa, inda dutse ya miƙe kamar katanga a bakin Tekun Atlantika, tsayinsa ya kai mita 214. A shekarar 2019 kaɗai, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi suka ziyarci wurin. Da yawa hoto kawai suke ɗauka su juya.

Alhali tarihin yankin yana cikin sunayensa. A harshen Ailan, "mothar" na nufin kangon ganuwa, domin akwai tsohuwar ganuwa a wurin a da. Haka ma Burren, wani fili na falalen duwatsu a arewacin gundumar, sunansa daga "boireann" ne, wato wuri mai duwatsu. A can kushewar Poulnabrone take, mai shekaru fiye da 5,000, inda aka tono ƙasusuwan mutane sama da 30.

Abin takaici, a 1956 da gwamnati ta shata yankunan da ake magana da harshen Ailan, ko ƙauye ɗaya na Clare bai shiga ba. Turanci ya mamaye bakunan mutane, sunayen wurare suka rage.

Don haka 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda Allah ya kai shi Clare, kada ya tsaya ga kallo. Ya tambayi ma'anar suna, ya kasa kunne.