Gidan Da Aka Ƙulla Juyin Mulkin Sin

Wanda duk ya sauka birnin George Town, a tsibirin Penang na ƙasar Malesiya, ya kamata ya nemi gida mai lamba 120 a Titin Armeniya. Gidan 'yan kasuwa ne, siriri mai zurfi, da tsakar gida inda haske ke saukowa. Baƙo zai iske tsofaffin kujeru na katako da hotunan mazan jiya a bango.

A nan ne Dokta Sun Yat-sen, yana gudun hijira, ya tara 'yan ƙasarsa mazauna ƙetare cikin Nuwamba 1910. Bore bayan bore ya riga ya ci tura, zukata sun karaya. Ya roƙe su gudummawa, suka bayar.

Boren da kuɗin ya haifar a Guangzhou, cikin Afrilu 1911, shi ma aka murƙushe shi, aka binne mutum 72 wuri guda. Amma cikin Oktoba wutar ta sake tashi a Wuchang, a 1912 sarautar gidan Qing ta faɗi.

Mai ziyara ya tuna, waɗanda suka zuba kuɗinsu a ɗakin nan ba su da tabbacin ganin wannan rana. Mahaƙurci mawadaci.