Kano Pillars da Wasan Waje: Waiwaye Kan Kakar 2009

Duk wanda ya bi Kano Pillars a kakar 2009 ba zai manta daren Alƙahira ba. Al Ahly ce ke riƙe da kofin zakarun Afirka, ga ɗan wasanta Aboutrika a tsakiyar fili, amma an tashi ɗaya da ɗaya a Najeriya, aka je Masar aka yi biyu da biyu, ƙwallayen waje suka fitar da mai kofi. Daga nan Pillars ta jagoranci rukunin da ke da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da ZESCO ta Zambiya, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A shekarar ba ta ɗauki kofin gasar Najeriya ba, Bayelsa United ce ta ɗauka, amma har yau babu kakar da ta kai wannan daraja a tarihin ƙungiyar, domin a lokacin ne ta nuna tana iya tsayawa da ƙafafunta a filin wani.

Abin da ya biyo baya shi ne hujjarmu. Pillars ta lashe gasar Najeriya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, ta kuma yi sama da shekara goma ba a doke ta a gida ba a gasar. Amma a gasar zakarun Afirka, a 2013 ta ci AC Léopards huɗu da ɗaya, ta je Kwango aka zura mata uku ba ko ɗaya. A 2014 AS Vita ta ci ta uku da ɗaya a Kinshasa. A 2015 Moghreb Tétouan ta ɗura mata huɗu a Maroko. Kowace daga cikinsu ta sha kashi a hannun Pillars a gida, kuma kowace ta wuce.

Wasu za su ce ai kuɗi ne, ƙungiyoyin Arewacin Afirka sun fi mu aljihu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta isa ba. Al Ahly da aka fitar ta fi kowa kuɗi, Heartland kuwa da ta ci Pillars huɗu da nema a Owerri a wannan shekara ta 2009 'yar gida ce, tukunyarmu ɗaya. Ciwon yana cikin gasarmu, inda ɗan wasa ke kwana a mota a kan hanya, alƙalin wasa na tsoron 'yan kallo, mai horarwa kuma ya saba lissafin cewa makin gida kaɗai zai kai shi. Wanda ya tashi a haka ba ya koyon tsare raga a gaban baƙin fuska.

Saboda haka ya kamata masu shirya gasar su tsananta hukunci kan duk filin da aka taɓa alƙalin wasa, su kuwa shugabannin Pillars su riƙa auna mai horarwa da makin da ya kwaso daga Aba da Enugu da Fatakwal, kafin su ƙirga na filin Sani Abacha.