Ku ƙyale wa talaka kiran WhatsApp ɗinsa



Shekaranjiya da dare a fada, ana cikin shan shayi, wani babban ma'aikaci ya kawo maganar da ta hana ni barci. Wai kiran da muke yi ta WhatsApp da Imo da Messenger asara ne ga ƙasa. Wai waɗannan kampanonin waje ba su kafa eriya ko guda a Nijar ba, ba su biyan lanho, amma sun kwashe kiran ƙetare kaf. Don haka, in ji shi, ko gomnati ta aza haraji bisa kiran, ko ta toshe shi kamar yadda ake yi a Dubai. Na yi shiru a wurin saboda ya girme ni. A nan kam zan amsa.

Rabin maganarsa gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. An aza harajin da ake kira TATTIE bisa kowane minti na kiran da ya shigo daga waje. An cire shi cikin kasafin kuɗin 2018, aka maido shi a na 2019. Kiran WhatsApp ba ya bi ta wannan ƙofa, domin murya ce ake mayarwa mega ta bi intanet kamar hoto ko bidiyo. Baitulmali yana rasa wani abu, haka ne.

To amma in an aza harajin, wa zai biya? Kampanin Meta da ke zaune a Amurka? Wallahi ko dala ba za ta fita aljihunsa ba. Mai biya ita ce tsohuwar nan ta ƙauyen Adar da ɗanta ke Abijan yana talla, da matar da mijinta ke aikin gini a Libiya, da iyalan da 'yan uwansu ke Tamanrasat ko Akra ko Legas. Da can sai mutum ya ƙone kredin jika guda kafin a gama gaisuwa. Yanzu da forfe na dala arba'in ana yin gaisuwa, a faɗi farashin hatsi, a nuna jinjiri, a karanto lambar kuɗin da aka aiko. Wanda bai yi lakwal ba yana danna vokal ya faɗi abin da ke ransa, ba sai ya nemi mai rubuta masa wasiƙa ya ji sirrin gidansa ba. Kuma megan nan ba sadaka ba ne, saye muke yi, da TVA a cikin kuɗin. Wato so ake a karɓa sau biyu a hannu ɗaya.

An gwada abin a wasu wurare. A Labanan, cikin Oktoban 2019, gomnati ta ce za ta riƙa karɓar santi 20 na dalar Amurka kowace rana bisa irin wannan kira. A daren nan mutane suka cika tituna. Aka janye maganar cikin sa'o'i, amma wutar ta riga ta kama, kafin ƙarshen wata firaminista Saad Hariri ya yi murabus. Maroko ta toshe kiran a farkon 2016 don kare kuɗin shigar kampanonin waya. Masu wayo suka sa VPN suka ci gaba da hirarsu, marasa wayo suka sha wuya, sannan aka buɗe a Nuwamba, dab da babban taron sauyin yanayi na Marakesh, lokacin da baƙi za su zo. Ka ji fa, kunyar baƙo ta fi kukan ɗan gida. Yuganda ma ta sa shilin 200 a rana a 2018, ta soke shi a 2021.

Mu kanmu ba sai an ba mu labari ba. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, a Fabrairun 2021, an yanke intanet ɗin salula wajen kwana goma. Ku tambayi 'yan kasuwar Maradi masu aika hoton kaya a yi ciniki, ku tambayi mai jiran saƙon asibiti daga ɗan uwansa.

Ban ce gomnati ta naɗe hannu ba, ina! Aiki ne jibge yana jiranta. Muna da hukumar ARCEP tun 2018, kuma duba ingancin rezo da farashi yana cikin aikinta. Ni da kaina, a garinmu, sai na hau tudun bayan makaranta kafin murya ta fita, ga alamar 4G tana walƙiya bisa waya kamar gaske. Megan da na saya da gumina, in sa'a ashirin da huɗu ta cika, sai a ce ya mutu. Wane ɗan kasuwa ne zai sayar maka da tiyar gero ya dawo washegari ya kwashe abin da ya rage? Nan ne ake son doka mai haƙora.

Akwai asusun da kampanonin waya ke zuba kaso a ciki don kai sadarwa karkara. A fito a gaya mana nawa ya shiga, ƙauyuka nawa suka samu eriya, da sunayensu, a karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Akwai 'yan damfara masu kiran mutum su ce ya karanto lambobi shida da suka shigo wayarsa, su ƙwace masa WhatsApp, su bi 'yan uwansa da roƙon kuɗi. Wa ke faɗakar da mutanen ƙauye? A wane ofishi ake kai ƙara? Mutane nawa suka san ba a samun 17 na 'yan sanda ko 18 na 'yan kwana-kwana ta WhatsApp, sai ta layin waya?

Da aka so yi, ai an yi: a Nuwamban 2024 Nijar da Mali da Burkina suka sa hannu a Yamai don cire ƙarin kuɗin kira ga wanda ya ƙetara da layinsa tsakanin ƙasashen uku. Irin wannan muke nema, mai rage wa mutane nauyi.

Shi kuma babban namu, na lura duk tsawon hujjar nan wayarsa na hannunsa, yana jiran ɗiyarsa da ke karatu a Turkiyya ta kira shi. Da WhatsApp ta kira.