Gajimare Gidan Haya Ne



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zauren nan. Da an tambayi marubuci ina ya adana littafinsa, sai ya ce, "Ai yana manhaja, an ɗora shi a gajimare, ba ya ɓata." Da wannan magana muka zo yin jayayya yau, domin ta sa da yawanmu mun saki jiki.

Abin da masana ke kira gajimare kwamfutoci ne jibge a manyan gine-ginen kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft, ana ba da su haya. Idan matashi ya gina manhajar karanta littattafai, can yake kai ta. Zai kama hayar kwamfutar da za ta tafiyar da manhajar, ya kafa rumbun bayanan da ke riƙe sunayen masu karatu da lissafin cinikinmu, ya ware ma'ajiyar da babukanmu za su zauna. Kowanne da kuɗinsa, wata-wata, akasari da dala. Ran da kuɗin haya ya gagara sai a dakatar da asusun, bayan wa'adi a share abin da ke ciki.

Mu tuna OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu. An kafa ta a 2013, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 tana kuka da matsin tattalin arziki. Shekara goma tana aiki, amma ranar rufewa ta zo.

Ko da kuɗi na nan, ganganci wajen ƙaura kaɗai ya isa. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta lokacin da yake mayar da bayanai zuwa sababbin kwamfutoci. Ranar 10 ga Maris 2021 kuma gobara ta cinye wani ginin kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa. Wasu masu haya sun rasa komai, saboda kwafin da suka ajiye don ɓacin rana ma a harabar yake.

Wani zai ce ai takarda ma gara na cinta, waya ma ana sacewa. Gaskiya ne, kuma gajimare ya fi wayar hannunmu aminci nesa ba kusa ba. Abin da muke suka shi ne marubuci ya yi wata shida yana bugawa da ɗan yatsa, ya ɗora, sannan ya goge na wayarsa don ta cika. Wannan sakaci ne, mu daina kiransa tawakkali.

Ku kuma 'yan uwanmu masu gina manhajoji, muna yaba ƙoƙarinku, amma amana kuka karɓa. Kafin mu ba ku ko babi ɗaya, ku amsa mana: sau nawa kuke kwafe rumbun bayanai? Kwafin yana wani gari dabam, ko wuri ɗaya yake da na asali? Kun taɓa gwada dawo da shi kuka ga ya dawo daidai? Idan za ku rufe, kwana nawa za ku ba mu mu kwashe kayanmu da kuɗinmu? Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi bai cancanci riƙe mana littafi ba.

Mu ma da namu aikin. Kowane littafi ya zama yana wuri uku: ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a filashi ko memori da ke cikin akwati, ɗaya a imel ko Google Drive wanda mu ke riƙe da kalmar sirrinsa. Duk babin da aka gama, a kwafe shi a daren, kafin a tura wa masu karatu.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A faɗa mana a ƙasa tsakani da Allah: littafin da kake rubutawa yanzu, a wuri nawa yake?